Daga Gezawa Zuwa Haidarabad: Indiyar Da Fim Bai Nuna Ba

Ranar kasuwar Gezawa, wanda ya tsaya a bakin babban titin da ya fito daga Kano zai ga Indiya ta ko'ina. Babur ɗin Boxer da aka ɗaure wa buhun gero biyu ƙirar kamfanin Bajaj ne. A daidaita sahun da ke sauke mata 'yan kasuwa, in ba Bajaj ba ce to TVS ce. Magungunan da ke jere a kemis, da yawansu in an juya bayan kwali sunan wani garin Indiya za a gani. Darbejiyar da mai rake ya fake a inuwarta daga can asalinta yake, sai a 1928 aka fara dasa ta a ƙasar Barno. A shagon masu tura fina-finai a waya kuwa, jarumin Indiya ne ke ta zuba Hausa da muryar masu fassara.

Duk da wannan sabo, har zuwa 'yan shekarun nan kaɗan ne daga mutanen yankin suka taka ƙasar da ƙafarsu. Doguwar tafiyar da aka sani ita ce ta Makka, sai ta Ikko da kurmi wajen neman na kai. Yanzu jinya da karatu da fatauci sun buɗe hanya. A mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, gwamnatin Kano ta tura ɗaruruwan ɗalibai ƙasashen waje, har da Indiya. A 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗauki nauyin wasu 1,001 don yin digiri na biyu, da yawansu jami'o'in Indiya suka nufa. Masu ciwon ƙoda da zuciya da daji su ma suna tafiya Delhi da Chennai da Bangalore da Haidarabad, kowanne da ɗan jinyarsa.

A cikin waɗannan birane, Haidarabad, hedikwatar jihar Telangana, ita ce ta fi yi wa manomin Gezawa magana. Ruwan samanta, zafinta da abin da ake shukawa a kewayenta duk sun yi kusa da na ƙasar Kano.

Saukar tsakar dare

Babu jirgin da ke tashi daga filin Malam Aminu Kano ya sauka Indiya kai tsaye. Sai an yada zango a Addis Ababa ko a wani birnin Larabawa. Kafin nan an sha fama da biza, wadda ta majinyaci daban take da ta ɗan jinya, ga katin rigakafin shawara da ba a shiga ƙasar sai da shi. Yawancin jiragen ƙasashen waje cikin dare ko gab da asuba suke sauka a filin jirgin Rajiv Gandhi da ke Shamshabad, wanda aka buɗe a 2008. Agogon can ya riga na Najeriya da awa huɗu da rabi. Matafiyi na jin kiran sallar asuba, mutanen gida ba su jima da kwanciya ba.

Abin da ke fara rikita shi shi ne mota. Direba na zaune a dama, mota na bin hannun hagu, yadda ake yi a Najeriya kafin a canja hannu a Afrilun 1972. Gadar sama mai tsawon sama da kilomita 11 ce ke ɗauko shi daga bakin gari ta dire shi a Mehdipatnam, daga nan kuma sai hayaniya. Kowa na danna oda, ba don faɗa ba, sai don a san yana wurin. Manyan motoci ma a bayansu an rubuta roƙon a yi musu oda kafin a wuce.

Sannan sai ga a daidaita sahu, rawaya, ɗaruruwa, suna kutsawa ta kowace kafa. Irinsu ne gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da su Kano a 2005 domin ɗaukar mata, suka kuma mamaye gari bayan hana acaɓa a farkon 2013. A Haidarabad ana kiransu oto. Ciniki da mai oto yana da nasa darasin: in ya kaɗa kai gefe da gefe, ba ƙi ya yi ba, ya amince ke nan. Baƙi da yawa sukan ƙara kuɗi a kan farashin da an riga an sallama musu.

Yawan mutane shi ne na biyu. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gezawa mutum 282,069, kuma a Najeriya ana lissafa ta cikin karkarar da ta fi cika. Haidarabad kuwa a ƙidayar 2011 tana da kusan miliyan 7, yanzu ana ƙiyasta ta haura miliyan 10 in an haɗa da kewayenta. Jirgin ƙasa na zamani da ya fara aiki a Nuwamban 2017 yana gudu a kan ginshiƙai a saman tituna, da sashen da aka keɓe wa mata. A ƙasa kuma mata ne ke tuƙa ƙananan babura, wasu da niƙabi, yaro a gaba yaro a baya. Mai shayin bakin titi ya rataye lambar da ake haskawa da waya a biya shi ko da rupi goma ne. Dare ya yi, baƙo sai ya lura da abin da ba ya ji: ƙarar janareta.

Wadda aka zo nema

Bahaushe ba ya zuwa Indiya da kai fayau. Tun wajen shekarun 1960 'yan kasuwar Labanan suka fara kawo fina-finan Indiya gidajen silima na Kano, irin su Plaza da Orion da Marhaba, har 'yan kallo suka raɗa wa jarumai sunaye: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Govinda Sarkin Rawa, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya zauna a Kano a shekarun 1990, ya rubuta yadda auren dole da biyayyar iyaye da kunyar da ke cikin waɗannan fina-finai suka sa Hausawa suka ga kansu a ciki. Fina-finan Hausa da suka fara da Turmin Danya a 1990 sun sha daga wannan rijiya.

Baƙo ba ya jimawa yake gane cewa wannan Indiyar ta Mumbai ce, kuma ta cikin kyamara. Harshen jihar Telangana shi ne Telugu, rubutunsa ma daban ne. 'Yan kalmomin Indiyanci da ya tsinta a fim suna yi masa amfani ne saboda Urdun da Musulmin birnin ke yi ya yi kusa da Hindi. Sai dai matasa suna da nasu abin farin cikin. Yawancin fina-finan faɗa da ake fassarawa da Hausa a yau na kudancin Indiya ne, kuma Haidarabad ce cibiyar masana'antar fim ta Telugu. Hotunan Prabhas da Allu Arjun da Mahesh Babu sun cika allunan talla. A bayan gari akwai Ramoji Film City, dandalin shirya fim mai faɗin eka 1,666, inda aka ɗauki Baahubali na 2015.

Juma'a a tsohon birni

Ran Juma'a ne hankalin baƙo yake kwanciya. Musulmi sun kai kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanen birnin, a tsohon gari kuma su ne suka fi yawa. A tsakiyarsa Charminar take, gini mai hasumiya huɗu da Sarki Muhammad Ƙuli Ƙutub Shah ya kafa a 1591, shekarar da ya kafa birnin. Kusa da ita akwai Masallacin Makka, mai ɗaukar mutum kusan 10,000, wanda aka kammala a ƙarshen ƙarni na 17. An ce da ƙasar da aka ɗebo daga Makka aka yi tubalin babbar ƙofarsa. Layin Laad Bazaar cike yake da warwaro da turare da lalle da kayan amare, har mutumin da ya saba da Kurmi da Kwari ya ji kamar ya san hanya.

Mafi yawan mutanen nan 'yan mazhabar Hanafiyya ne. La'asarsu takan yi jinkiri, suna kuma ɗora hannu a ƙasan cibiya. Bamalikin da ya saki hannu zai ga ana satar kallonsa, bayan sallama kuma wani ya matso ya tambaye shi daga ina. Da ya ce Najeriya, sai a miƙo hannu, wani lokaci har da shayin Irani da biskit ɗin Osmania.

Afirka ba baƙuwa ba ce a wannan birni. Sarakunan Nizam, waɗanda suka yi mulki har zuwa 1948, sun riƙe rundunar mahaya dawaki 'yan asalin Afirka, jikokinsu kuma, waɗanda ake kira Siddi, suna nan a unguwar A.C. Guards. A cikin ganuwar Naya Ƙila da ke jikin tsohuwar fadar Golconda akwai wata kuka da ta haura shekara 400, kaurinta ya kai kimanin mita 25, ana cewa fataken Larabawa ne suka kawo ta. 'Yan yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto suna mamaki. Mutumin Gezawa kuwa ganyen yake dubawa.

Dawa a bakin titi

Abincin da aka fi yi wa birnin kirari da shi shi ne biryani, sai halim a watan azumi. Amma kwana biyu yaji da kayan ƙamshi sun ishi baƙo, musamman majinyaci. Naman da ake sayarwa a matsayin na shanu ma galibi na ɓaunar gida ne ko na bijimi, domin doka ta hana yanka saniya. A nan ne ɗan jinya ke fara neman kasuwa, ƙafa kuma ta kai shi Rythu Bazar ta Mehdipatnam, ɗaya daga kasuwannin da gwamnati ta fara kafawa a 1999 domin manomi ya sayar wa mai ci ba tare da dillali ba. Ana rubuta farashin ranar a allo.

Sai ya ga kuɓewa, ga tsamiya, ga gyaɗa, ga kabewa. Ganyen da suke kira gongura, wanda mutanen Telugu ke ji da shi, ba wani abu ba ne illa yakuwa da 'yar'uwarta rama. Zogale na nan, sai dai su dogayen 'ya'yan suka fi sakawa a miya.

Da magariba kuma, a gefen tituna da dama, zai tarar da mace zaune a ƙasa gaban murhun itace, da faffaɗan kaskon ƙarfe a kai. Garin farar dawa take kwaɓawa da ruwan zafi. Ta gutsuro curi, ta barbaɗa gari a kan dutse, ta riƙa bugunsa da tafin hannu tana juyawa har ya yi faɗin faifai, ba muciya ba abin murzawa. Ta ɗora a kasko, ta shafa masa ruwa da tsumma, ta juya, sai ya kumbura. Jonna rotte ke nan. Masu saye ba talakawa kaɗai ba ne. Akwai masu manyan motoci da likita ya ce su rage shinkafa saboda ciwon suga. Hatsin da a gida wasu ke ganin cin sa alamar rashi ce, a nan layi ake bi a saya. Indiya ce ma ta gabatar da ƙudurin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa.

Wannan kamanni ba dace ba ne. Haidarabad na kan tudun Deccan, ƙasa mai duwatsu da ƙarancin ruwa. Damina na sauka a watan Yuni ta ɗauke wajen Oktoba, ruwan shekara kuma bai yi nisa da milimita 800 ba, kusan daidai da na Kano. Afrilu da Mayu ne watannin zafi a wuraren biyu.

Shi ya sa a 1972 aka kafa cibiyar ICRISAT a Patancheru, a bayan birnin, domin binciken amfanin gonar ƙasashe masu ƙarancin ruwa: dawa, gero, gyaɗa, waken turawa da waken Indiya. Rumbun irinta ya tara samfuri sama da 120,000 daga ƙasashe fiye da 140, har da na ƙasar Hausa. Tana da reshe a Sadore kusa da Yamai, da ofis a Kano. Iri ya tafi ya dawo ta wannan hanya. Daga wani gero mai saurin nuna na arewacin Togo aka fitar da irin ICTP 8203 da manoman Indiya suka karɓa tun ƙarshen shekarun 1980. Geron SOSAT da ake shukawa a Kano da Jigawa da hannun cibiyar a ciki, haka ma gyaɗar Samnut 24 da ta fito tare da haɗin gwiwar cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, bayan shekarun da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta durƙusar da noman da ya tayar da dalar Kano.

Asibiti da ido

Wanda jinya ta kawo, rabin birninsa asibiti ne. Apollo ta buɗe a Jubilee Hills a 1988, cibiyar ido ta L.V. Prasad a 1987. Manyan asibitoci suna da teburin baƙi 'yan ƙasashen waje, da tafinta, da mai karɓar fasfo a yi rajista. Gwaje-gwajen da a gida ake yi wa mako ana yawo, a nan sau da yawa a rana ɗaya ake gama su a gini ɗaya. Dokar dashen sassan jiki ta 1994 tana da tsauri: mai ba da ƙoda sai ya tabbatar da dangantakarsa da majinyaci a gaban kwamiti, baƙo kuma sai da takardar ofishin jakadancin ƙasarsa. Birnin kansa matattarar haɗa magunguna ce, inda kamfanoni irin su Dr. Reddy's da Bharat Biotech da Biological E suke.

Abin da ke ci wa mai hankali rai shi ne, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002. Ilimin yana gida. Kayan aiki, wutar lantarki da riƙe likitoci ne suka gagara, har iyali su sayar da gona da shanu su canja kuɗin zuwa dala su kawo wata ƙasa.

Akwai kuma kallo. Baƙar fata ba ya ɓuya. A jirgin ƙasa, a kasuwa, a lif ɗin asibiti, idanu na kansa. Wani kallon na son sani ne, wani na raini. Laifin 'yan tsirarun da aka kama da fataucin ƙwaya ya shafa wa sunan Najeriya baƙin jini, har wasu masu gidaje ba sa ba ɗan Najeriya haya. A Maris na 2017 gungun mutane sun far wa ɗaliban Najeriya a Greater Noida kusa da Delhi, lamarin da ya sa jakadun ƙasashen Afirka suka fitar da sanarwar Allah wadai. Saboda haka baƙi kan taru wuri guda. A Haidarabad unguwar Tolichowki ce, inda 'yan Somaliya da Sudan da Yaman da Najeriya ke zaune, inda kuma sabon zuwa zai sami wanda zai nuna masa inda ake canji da inda ake sayen garin tuwo.

Talauci ma bai ɓuya ba. A ƙarƙashin gadojin jirgin akwai masu kwana a kan kwali. Ma'aikatan gini daga jihohin Bihar da Odisha suna zaune a rumfunan leda a gindin benen da suke ginawa. Da yawansu manoma ne da bashi ko fari ya koro, 'yan ci-rani.

Gonar da ta koma bene

Wanda ya tashi a gona, a yammacin birnin ne zai tsaya ya yi shiru. Madhapur ƙauye ne na duwatsu da makiyaya har zuwa shekarun 1990. A 1998 gwamnatin Chandrababu Naidu ta buɗe ginin Cyber Towers a wurin, kamfanonin kwamfuta suka biyo baya, Microsoft da Google da Amazon duk suka kafa manyan ofisoshi. Titin zobe mai tsawon kilomita 158 ya kewaye birnin, ƙauyukan da ya ratsa suka zama unguwanni. A Agustan 2023 an yi gwanjon fili a Kokapet, eka ɗaya ta haura rupi biliyan ɗaya. Tafkunan da kakanni suka haƙa domin ban ruwa an cike da yawansu an yi gini, sai ambaliyar Oktoban 2020 ta bi tsohuwar hanyarta ta cikin gidajen mutane. A 2024 gwamnatin jihar ta kafa hukuma ta musamman mai rushe gine-ginen da aka yi a kan tafkuna. Kogin Musi da ya ratsa birnin ya zama magudanar ƙazanta, manoman da ke ƙasa da gari kuma da ruwansa suke ban ruwa, abin da masu lambun bakin Jakara har zuwa madatsar Wasai suka sani sarai.

Jihar ta yi wa manoman da suka rage wani tanadi. A 2015 ta fara yashe dubban tafkunan ƙauye, daga farkon 2018 ta ba famfunan gona wuta kyauta dare da rana, a shekarar kuma ta fara biyan mai gona kuɗin shuka a kan kowace eka. Ɗan haya da ɗan ƙodago ba su cika amfana ba, bashi kuma bai daina kashe manoma ba. Amma akwai gwamnatin da ta ɗauki ƙaramin manomi a matsayin wanda za a lissafa da shi.

An taɓa auna ƙasar Hausa da Indiya a ma'auni ɗaya. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa ta Katsina da Ɗorayi ta Kano, ta tafi ƙauyukan Anekal kusa da Bangalore, ta fitar da littafi a 1982 tana kwatanta iyalan manoman hatsi na ƙasar Hausa da na jihar Karnataka. Ɗorayin da ta gani a farkon shekarun 1970 gonaki ne da gidaje jefi-jefi. Yau unguwa ce a cikin Kano. Anekal ma Bangalore ta iso ta.

Ƙasar Gezawa ba ƙaramar dukiya ba ce. Tun shekarun 1960 Michael Mortimore ya nuna cewa a kewayen Kano ana noma sama da kashi 80 cikin ɗari na ƙasa kowace shekara ba hutu, ba ta kuma mutu ba. A shekarun 1990 Frances Harris ta bi diddigin dalili a ƙauyen Tumbau na Gezawa: ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, harawa da kara su ciyar da awaki da tumaki a turke, takinsu ya koma gona, ƙurar hunturu ma ta ƙara nata. Masana daga nesa suna karanta wannan hikima a jami'o'i.

Wannan ƙasar ce Kano ke matsowa kanta ta Yankaba da Tokarawa da Gunduwawa. Masana'antu da gidajen mai da katangun filoti sun jeru a bakin titi, awon igiya na yanka gonaki ba tare da an bar wurin makaranta ko hanyar ruwa ba, kududdufai kuma ana cike su da shara a sayar. Haidarabad ta ci gonakinta, amma ta biya da jirgin ƙasa da asibitoci da ayyukan yi, duk da haka ruwa bai yafe mata ba. Abin tsoro a Gezawa shi ne gonar ta tafi, ba a sami ko ɗaya daga waɗannan ba. A Madhapur da Kokapet an riga an gama yanke hukunci. A Jogana da Tsamiya Babba yanzu ake yanke shi, gona bayan gona, duk ranar da 'yan'uwa suka zauna rabon gado ko dillali ya yi sallama a ƙofar gida da igiyar awo a hannu.